Daga Kuɗin Fito Zuwa Ƙidayar Kwana: Yadda Haraji Ya Bi Bafatake Har Gida

Shugabanni sun ce in rubuta wani abu na tarihi saboda bikin cikar shekarar ƙungiyarmu. Ni kuwa abin da na fi sani a ofis shi ne takarda da rasit, don haka iyayena da yayyena ku yi mini haƙuri, tarihin haraji zan kawo muku. Dalili shi ne wata tambaya da wani dattijo cikinmu ya yi mini kwanan baya. Iyalinsa suna nan Kanvili, rumfarsa tana Aboabo, yana da abokin ciniki da ke tara masa albasa a wajen Galmi ta Nijar, kuma yana da gidan haya a Kano da ya gada. Ya ce mini, "Malam, ni wace gwamnati ce take bi na haraji? Ai duk boda na biya." Na ce masa, "Baba, abin da ka biya a boda na kaya ne. Naka na kanka yana nan daban." Bai ji daɗin amsar ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin a tsarin da kakanninmu suka sani, maganarsa ita ce daidai.

A zamanin fataucin Gwanja, ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Zugu, ya biyo ta Sansanen Mango ko ya sauko Yandi, sannan Salaga. Suna kawo kanwa, baƙaƙen tufafin rini, jar fata da dabbobi, su koma da goron Asante. Kada mu ɓoye, har bayi an saya an sayar a kasuwar Salaga. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi suna a wannan hanya, kuma zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa. Kowane sarki da aka ratsa ƙasarsa yana da rabonsa, kowane kogi yana da kuɗin fito. Babban aikin madugu ke nan: ya shiga gaban sarki da gaisuwa, a yi ciniki a kan abin da za a biya bisa yawan jakuna da kaya, ya dawo ya raba wa fatake kowa gwargwadon abin da ya ɗauko. Ana biya da wuri, ko kanwa, ko ƙyalle. Madugun da ya iya baki shi ake bi baɗi.

Abin lura a nan shi ne babu wanda ya tambayi bafatake kwana nawa ya yi a gari, ko nawa ya ci riba a Kano. Kaya ake ƙirgawa. In kaya sun wuce, magana ta ƙare. Wanda ya zauna a zango ya zama mai masauki ko dillali yana cin la'ada, shi kuma yana ƙarƙashin sarkin zango, sarkin zango ke kai gaisuwa ga masu ƙasa. Wannan tunani ne har yau yake kan yawancinmu, shi ya sa muke ganin rasit ɗin kwastam ya wanke mu daga komai.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, hanyar goro ta fara rikicewa, sai yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa zuwa Kete Karachi, Yeji da Kintampo. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, yana cikin waɗanda suka koma Karachi, can ya rasu a 1934. Daga nan Turawa suka ja layinsu. A 1898 Ingila da Faransa suka yanke iyakar arewa, a 1899 kuma Ingila da Jamus suka raba ƙasar Dagomba gida biyu, Yandi ta faɗa hannun Jamus. Hanya ɗaya ta zama ta gwamnati uku. Amma da farko su ma Turawan kaya suka bi: sun kafa tashoshin karɓar kuɗin ayari, kuma da shi gwamnatin Arewa ta fi dogara har aka soke shi a 1908, shekara ɗaya bayan an dawo da hedikwata daga Gambaga zuwa Tamale.

Canji na gaske ya zo a 1936, lokacin da aka sa harajin kai a Arewa ta hannun sarakuna da baitulmalinsu. Shi ne tsofaffinmu ke kira lampo. Daga ranar mai karɓar haraji ya bar bakin hanya ya shigo unguwa, tambayarsa ta zama "a ina kake kwana?" A 1943 aka kawo dokar harajin abin da mutum ke samu a Gwalkwas baki ɗaya, ko da yake a farko ma'aikata da manyan kamfanoni ta fi shafa.

Bayan 'yancin kai tambayar nan ta yi kaifi. Tun a 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan na zangon Kumasi zuwa Najeriya, alhali suna cewa a nan aka haife su, har sai da majalisa ta yi doka ta musamman a kansu. Sai babbar, ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya samu ko ya fita. Yarabawa, Hausawa, Zabarmawa da Mosawa dubun dubata suka tashi, wasu an haife su a nan, wasu ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba. Gidaje da rumfuna suka tafi a arha banza, a nan Tamale ma an gani. A 1970 wata doka ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka baro Najeriya. A ganina darasin da iyayenmu suka ɗauka daga waɗannan shekaru rabi ne kawai. Sun koyi tsoron ofis da ɓoye kai, alhali wanda ya fi shan wuya a 1969 shi ne wanda ya shekara talatin a gari ba shi da ko guntuwar takarda mai sunansa.

An kafa ECOWAS a Legas a 1975, a 1979 kuma aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya yi kwana 90 babu biza. Wannan izinin shiga ne. Bai ce komai a kan wanda zai karɓi harajinka ba, kuma bai hana dokar GIPC ta 2013 keɓe cinikin cikin kasuwa ga 'yan ƙasa ba, abin da ya jawo kulle shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020.

Yanzu ga inda muke. Dokar da ke aiki ita ce ta harajin shiga ta 2015, mai lamba 896. Ta ce duk wanda ya yi kwana 183 ko fiye a Gana cikin kowane wata goma sha biyu, ko a jere ko a warwatse, mazauni ne a wajen haraji, ko wace ƙasa ce ta ba shi fasfo. Ɗan Gana kuwa mazauni ne ko ina yake, sai fa in yana da gidan zama na dindindin a waje kuma a can ya yi shekarar gaba ɗaya. Babban bambancinta da tsohuwar doka ta 2000 shi ne wannan: a da, kuɗin da ka samu a waje sai ka shigo da shi Gana ake taɓa shi. Yanzu mazauni ana binsa a kan abin da ya samu ko ina a duniya, ko ya kawo ko ya bar shi can. Ke nan hayar gidan Kano ta dattijon nan tana cikin lissafi. Akwai sassauci ga albashin wanda ke aiki a waje bisa wasu sharuɗɗa, amma albashi ne, ba ribar fatauci ba.

Dokar ta yarda a cire maka harajin da ka riga ka biya wata ƙasa a kan wannan kuɗi, don kada a yanke ka sau biyu. Sai dai da rasit ake cirewa, kuma rasit na harajin shiga, ba tikitin kasuwa ko na kwastam ba, balle abin da aka miƙa a shingen hanya. Nan ne matsalarmu take. Mu da ke wucewa ta Paga ko Kulungugu sau da yawa babu hatimi a fasfo, in an ce mu nuna kwanakinmu, da me za mu nuna? Mutum na iya zama mazauni a idon ƙasa biyu lokaci guda, kowacce da dokarta, musamman yanzu da Najeriya ta yi sabuwar dokar haraji a 2025 wadda ita ma ke bin mazauninta a kan abin da ya samu a waje.

Wani zai ce wa ya sani? Da can gaskiya ne. Amma tun Afrilun 2021 lambar katin ɗan ƙasa ta zama lambar haraji, ita ce kuma ke jikin layin waya da asusun banki. A 2024 hukumar GRA ta fito ta ce za ta bi kuɗin waje na mazauna, ta kuma buɗe ƙofa ga mai son bayyana nasa da kansa. Ban ce gobe za a zo Aboabo da littafi ba. Na dai ga inda aka dosa.

'Yan'uwanmu masu takardun Nijar, Burkina da Mali su ne suka fi ba ni tunani, tunda ƙasashen uku sun fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da barin su zirga-zirga har sai an sake sanarwa, wato abu ne da ake iya janyewa. Ga irin waɗannan, takardar da ke nuna shekara nawa mutum yana biyan haraji a Tamale tana iya yin amfanin da ya wuce na haraji.

Ana shigar da bayanin shekara kafin ƙarshen Afrilu. Na buɗe littafi a ofis inda kowane ɗan ƙungiya zai iya sa a rubuta masa ranar fita da ranar dawowa da lambar motar da ya bi, kuma ina ajiye hoton duk rasit da aka kawo. Dattijon nan shi ne na farko a shafin, ko da yake har yanzu yana cewa shi a boda ya gama biya.