Masaukin Ƙarshe: Abin da Tarihin Abijan Ya Koyar a Kan Jinyar Masu Bakin Mutuwa

Duk Bahaushen da ya taɓa zuwa Abijan neman abinci ya san Adjame, gama a can tashar manyan motoci take, a can kuma babbar kasuwa take. Ya kuma san Treichville, unguwar da ke tsallaken gada, kusa da tashar jiragen ruwa. Tun zamanin mulkin Faransa mutanen Nijar da na Nijeriya suke sauka a waɗannan unguwanni biyu, waɗansu da fataucin goro, waɗansu da sana'ar fawa, waɗansu da ƙaramin tebur a bakin hanya. Al'adar zango kuwa sananniya ce. Baƙo yakan sauka wurin maigida, maigida ya ba shi ɗaki, ya nuna masa kasuwa, ya tsaya masa in magana ta taso.

Amma in baƙon nan ya kwanta ciwon da ba na tashi ba, wa zai zama mai masaukinsa? In kuma an sami gidan da ya ce zai karɓe shi, ta yaya danginsa za su san ko gidan na kirki ne? Birnin Abijan ya sha wuyar wannan tambaya cikin shekarun da ƙanjamau ya yi ta kisa, amsoshin da ya samu kuwa suna da amfani har yau.

Asalin irin wannan gida

Sunan da Turawa suke kiran gidan jinyar masu bakin mutuwa ya fito ne daga wata kalmar Latin, hospes, wadda ma'anarta baƙo, kuma mai masaukin baƙo. Saboda haka ba laifi a kira shi masaukin ƙarshe da Hausa. Aikin tsoho ne a cikin ikkilisiya. Wajen shekara ta 370 Bishop Basil na Kaisariya ya gina wani babban gida a bayan gari domin baƙi da matalauta da marasa lafiya. A 1842 wata gwauruwa mai suna Jeanne Garnier ta fara tattara matan da likitoci suka sallama a birnin Lyon na Faransa, tana jinyarsu har ƙarshensu.

Wadda ta ba aikin kamanninsa na zamani ita ce Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan St Christopher a Landan a 1967. Ta yi aikin nas tukuna, daga baya ta zama likita. Ta koyar da abu biyu. Na fari, a riƙa ba majinyaci maganin zafi a kan lokaci, kada a jira sai ya fara kuka. Na biyu, zafin mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne. Akwai tsoro, akwai damuwar iyali, akwai nauyin zuciya a gaban Allah. A Afirka, aiki irin wannan ya fara ne a ƙasar Zimbabuwe a 1979. Abijan kuwa ba ta yi shiri ba sa'ad da bukatar ta auka mata.

Shekarun wuya a Treichville

An gina asibitin Treichville a 1938, daga baya ya zama asibitin koyarwa. A 1985 aka gane mutanen farko masu ƙanjamau a Kwaddibuwa. Kafin a yi shekara biyar, sashen cututtuka masu yaɗuwa na asibitin ya cika da samari da 'yan mata ramammu, masu gudawa da tari da zazzaɓin da ba ya sauka.

A 1988 ma'aikatar lafiya ta ƙasar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka kafa wani aikin bincike a Abijan mai suna RETRO-CI. Likitocinsa, a ƙarƙashin Dokta Kevin De Cock, suka auna jinin gawawwakin manya a manyan ɗakunan ajiye gawa biyu na birnin cikin 1988 da 1989. Suka tarar kashi 41 cikin 100 na maza da kashi 32 cikin 100 na mata suna da ƙwayar cutar. A 1990 suka ba da sanarwa cewa ƙanjamau ne ya fi kowace cuta kashe maza manya a Abijan, a cikin mata kuma shi ne na biyu.

A lokacin babu maganin da ke danne cutar. Ga shi kuma a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin magani ya hau. Iyali sukan kashe abin da suke da shi, sa'an nan a ce musu su tafi da majinyacinsu gida. Ga ɗan ƙasa, gida na nufin ƙauyensu. Ga baƙo kuwa, gida na nufin tafiyar kwanaki a mota daga tashar Adjame, ko kuwa ƙaramin ɗakin haya da mutum biyar ko shida suke kwana a ciki. Tsoron cutar ya sa abokai suka janye. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ma'auni na fari: an auna shi kuwa?

A 1991 wani likitan Ingila mai binciken gawa, Sebastian Lucas, tare da likitocin Abijan, suka bincika abin da yake kashe masu ƙanjamau a asibitocin birnin. Suka ga tarin fuka ne a gaba. Shi ne ya kashe kusan mutum ɗaya cikin uku. Tarin fuka kuwa yana da magani, ko ga mai ƙanjamau. Akwai cibiyar tarin fuka a Adjame, akwai wata a Treichville. Ashe waɗansu da aka ɗauka ajalinsu ya zo, da an auna majinarsu da wuri, da sun ƙara kwana a duniya.

A 1999 aka sake samun wani haske daga Abijan. An gwada wata ƙwaya mai araha, wadda aka sani da Septrin a Nijeriya, Bactrim a ƙasashen da ke jin Faransanci, a kan masu tarin fuka da ƙanjamau a cibiyoyin tarin fuka na birnin. Shan ta kullum ya rage mutuwa da kusan rabi. A shekara ta 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar ƙanjamau ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawara a riƙa ba da ita a Afirka.

Wannan shi ne ma'auni na fari. Masaukin ƙarshe na kirki ba ya karɓar mutum ya shimfiɗa shi ya jira mutuwarsa haka kawai. Yana da likita ko nas mai horo da zai duba shi, yana kuma da hanya buɗaɗɗiya zuwa asibiti. Gidan da ba a taɓa sallamar kowa daga cikinsa da ƙafarsa ba, ya kamata a tambayi dalili.

Ma'auni na biyu: ana kashe masa zafi?

Cikin waɗanda suka buɗe ƙofa ga marasa galihu a Abijan akwai sistocin ƙungiyar Mada Teresa, waɗanda gidansu yake a unguwar Koumassi. Sun karɓi mutanen da ba wanda yake so ya taɓa. Uwar gidajensu duka tana Kalkata ta ƙasar Indiya, inda aka buɗe ta a 1952. A 1994 Dokta Robin Fox, editan wata babbar mujallar likitoci ta Ingila, ya ziyarci wancan gida na Kalkata. Ya yaba wa tsabta da kulawa da alherin masu aikin. Amma ya ce ba a cika rarrabe mai warkewa da marar warkewa ba, kuma babu maganin zafi mai ƙarfi. Maganarsa a kan Kalkata ce, amma darasin na kowa ne: ƙauna tana wanke gyambo, ba ta kwantar da zafin kansa da ya shiga ƙashi.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na maganin zafi: a fara da mai sauƙi irin su Panadol, a hau zuwa matsakaici, in bai yi ba a ba da mofin. Dokta Anne Merriman, wadda ta yi aikin likitan mishan a kudancin Nijeriya, ta kafa masaukin ƙarshe a Yuganda a 1993. Ta nuna cewa ana iya dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba, majinyaci ya riƙa sha a gida da kuɗi kaɗan. A 2004 Yuganda ta yarda nas masu horo na musamman su riƙa rubuta shi. A 2014 babban taron lafiya na duniya ya amince cewa sauƙaƙa wa masu ciwon ajali wahala wajibi ne a kan kowace ƙasa.

Saboda haka dangi su yi tambaya a fili: wane maganin zafi gidan yake da shi, wa yake da izinin ba da shi, kuma in zafi ya tashi da tsakar dare, akwai wanda yake a farke?

Ma'auni na uku: mutuncinsa da iyalinsa

Wata mace 'yar ƙasar Suwizalan, Lotti Latrous, ta zo Abijan a 1994 tare da mijinta, wanda yake babban ma'aikaci a kamfanin Nestlé. Ta fara taimako a gidan sistocin Mada Teresa. Abin da ta gani bai bar ta ta koma zaman jin daɗi ba. A 1999 ta buɗe ƙaramin asibiti a Adjouffou, unguwar talakawa da ke kusa da filin jirgin sama, kudu maso gabas da Treichville. A 2002, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasar, ta ƙara da gidan masu bakin mutuwa. Ba da daɗewa ba ta gina gidan marayu, gama iyaye mata suna mutuwa a hannunta suna barin 'ya'ya. Daga baya, saboda faɗaɗa filin jirgin, aka mai da aikin duka garin Grand-Bassam.

Jerin gine-ginen nan uku abin lura ne: wurin aunawa da magani, wurin kwanciyar ƙarshe, wurin riƙon waɗanda aka bari. Uwar da ba ta san inda ɗanta zai kwana bayanta ba, ko an kashe mata zafin jiki, ba ta huta ba.

Masu cutar da kansu ma sun koyar da wani abu. A 1994 waɗansunsu suka kafa ƙungiyar Lumière Action a Abijan, suka fito fili a lokacin da fitowa take jawo kora daga gida da wurin aiki. Suna ziyartar 'yan'uwansu a asibiti da gidaje. Sun nuna cewa majinyaci mutum ne mai baki, a tambaye shi abin da yake so, a faɗa masa gaskiya da taushi, a kuma rufa masa asiri.

A nan ma'aunin yana da sauƙin gani, gama gani ya kori ji. Mai ziyara ya dubi shimfiɗa, ko busasshiya ce. Ya ji warin ɗakin. Ya lura ko ana juya wanda ba ya iya juyawa, don kada bayansa ya yi gyambo. Ya saurara ko ana kiran majinyaci da sunansa, ko akwai mai jin harshensa. Ya tambaya ko ana barin dangi su kwana kusa da shi. Ya kuma tambaya ko ana kiran fasto ko fada ga Kirista, liman ga Musulmi. Gidan da yake sayar da gado da sharaɗin a sāke addini ya ci amanar baƙo, ko da sunan wa aka gina shi.

Sa'ad da magani ya zo

A watan Disamba na 1997 aka yi babban taron ƙanjamau na Afirka a Abijan. Shugaban Faransa Jacques Chirac ya yi jawabi a kan rashin adalcin da ke cikin zaman magunguna a ƙasashen masu arziki alhali yawancin majinyata suna ƙasashen matalauta. A 1998 Kwaddibuwa ta shiga cikin ƙasashen farko da aka fara gwada ba da magungunan danne ƙanjamau da rangwame, asibitin Treichville kuwa yana cikin wuraren da aka fara. A 2008 gwamnati ta mai da su kyauta. Mutanen da a dā za a kai su masaukin ƙarshe suka tashi, suka koma kasuwa, suka aurar da 'ya'yansu.

Wannan bai kawar da bukatar irin wannan gida ba. Akwai masu kansa, da masu ciwon ƙoda da na hanta, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, da tsofaffin da ba su da kowa. Sai dai ya ƙara ma'auni na huɗu: gida na kirki yana koyo, yana sauya hanyarsa sa'ad da sani ya ƙaru. Yana kuma faɗar gaskiya a kan kuɗi tun ranar fari, abin da za a biya da abin da yake kyauta, da abin da za a yi game da wanka da likkafani da kabari.

Abin da ya rage ga ikkilisiya

Yawancin Hausawa, a Abijan ko a Zariya ko a Maraɗi, ba a wani gida na musamman suke cikawa ba, a ɗakunansu ne, a hannun mata da 'ya'ya. Ma'aunan nan huɗu suna aiki a can ma. Zumuntar mata da dattawan ikkilisiya da suke zuwa gaisuwa da kwanon kunu da addu'a suna yin aiki mai kyau. Zai fi kyau in sun ƙara da tambaya: an kai shi an auna? Yana samun barci, ko zafi yana hana shi? Wa yake karɓar matar nan da dare domin ta runtsa? Yaran fa, wa zai riƙe su?

Mutuwa rigar kowa ce, ba kuwa wanda ya san garin da za ta same shi. Baƙon da ya sauka a Adjame da jakarsa a kafaɗa ya sami maigida ranar isowarsa. Jama'ar da ta san hakkin baƙo, ita ce wadda take tsaya masa haka nan ranar tafiyarsa.