Koyar da Aikin Jarida a Jami'o'in Baƙar Fata na Amurka

Jami'o'in baƙar fata na tarihi su ne manyan makarantun da aka kafa a Amurka kafin 1964 domin ilimantar da baƙaƙen fata, kamar yadda dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ta fayyace. Yawansu ya kai kimanin 100, akasarinsu a jihohin kudu.

Koyar da aikin jarida a cikinsu ya samo asali ne daga shari'ar wariyar launin fata. A 1939, Lucile Bluford, 'yar jarida a Kansas City Call, ta sami gurbin karatu ta wasiƙa a makarantar aikin jarida ta Jami'ar Missouri, wadda aka buɗe tun 1908. Da ta je yin rajista aka ga launin fatarta, sai aka mayar da ita. Ta kai ƙara. A 1938 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci, a shari'ar Lloyd Gaines, cewa dole jiha ta samar wa baƙaƙe irin karatun da take ba fararen fata a cikin iyakarta. Maimakon ta buɗe ƙofa, sai jihar Missouri ta kafa sashe na dabam a 1942 a Jami'ar Lincoln da ke Jefferson City, wadda sojoji baƙaƙe suka assasa a 1866. Wannan ba ita ce Lincoln ta Pennsylvania ba, inda Nnamdi Azikiwe ya yi karatu. Bluford ba ta shiga sabon sashen ba. Duk da cewa dabarar kauce wa doka ce ta haife shi, sashen ya ɗore, kuma Armistead Pride ya jagorance shi fiye da shekara 30.

Bunƙasa ta biyu ta biyo bayan rahoton Hukumar Kerner na 1968, wanda ya zargi kafofin watsa labarai da kallon ƙasar ta idon fararen fata kaɗai, da ƙin ɗaukar baƙaƙe aiki. Jami'ar Howard da ke Washington ta buɗe makarantar sadarwa a 1971 ƙarƙashin Tony Brown. A 1982 sashen Jami'ar Florida A&M ya zama na farko a irin waɗannan jami'o'i da ya sami tantancewar ƙasa. Hampton ta buɗe makarantar aikin jarida a 2002, Morgan State kuma a 2013.

Ƙarancin kuɗi ya daɗe yana takura wa waɗannan sassa, musamman wajen binciken ƙwaƙwaf, wanda ke cin lokaci da kayan aiki. Wannan giɓi ne 'yar jarida Nikole Hannah-Jones ta nufa da ta koma Howard a 2021, bayan taƙaddama da Jami'ar North Carolina kan tabbatar da ita a kujerar farfesa. Da tallafin kusan dala miliyan 20, galibi daga gidauniyoyin Knight da MacArthur da Ford, ta buɗe Cibiyar Aikin Jarida da Dimokuraɗiyya a 2022, wadda ke horar da ɗaliban Howard, tana kuma tallafa wa sassan aikin jarida na sauran jami'o'in baƙar fata.