Ma'aikatan ceto a hanyar Madani zuwa Damazin: aikinsu da abin da ake dubawa kafin a ɗauke su

Wasu daga cikin ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Kogin Nilu a Sudan suna kan titi ɗaya ne, wanda ya taso daga Khartoum ya ratsa Wad Madani da Sinnar da Sinja har Damazin. A kansa Mai Wurno take, garin da mabiya Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Sashen Khartoum zuwa Madani kuwa, mutanen ƙasar sun daɗe suna ce masa "hanyar mutuwa" saboda yawan haɗurra.

Ma'aikacin agajin gaggawa ba likita ba ne. Shi ne ke isa wurin haɗari, ya tabbatar wanda ya ji rauni yana numfashi, ya tsayar da jini, sannan ya kai shi asibiti ba tare da ƙara masa illa ba. Wannan na ƙarshe ya fi wuya. Laka tana cikin ƙashin baya, kuma jijiyoyin da ke motsa tantanin numfashi suna fita ne daga gaɓa ta 3 zuwa ta 5 a wuya. Idan ƙashin ya tsage, mutum na iya fitowa daga mota yana motsa ƙafafunsa, amma jama'a su ciccibe shi hannu da ƙafa su jefa a bayan akori-kura, ya isa asibiti jikinsa ya shanye. Niyyar taimako ce, sai dai ɓarnar ba ta gyaruwa.

Don haka abin da ya kamata a fara gwada mai neman aikin da shi, shi ne hannunsa, ba takardarsa ba. Ya iya riƙe kan majinyaci daidai da gangar jiki, ya sa masa abin tallafe wuya gwargwadon tsawon wuyansa, ya jagoranci mutum uku ko huɗu su mirgina shi lokaci ɗaya kamar gungume. Ya kuma san cewa koyarwa ta sauya: a 2018 ƙungiyoyin likitocin tiyata da na gaggawa a Amurka sun ce dogon allon nan mai tauri na fito da mutum ne, kada a bar shi kwance a kai tsawon tafiya, domin yana jawo ciwo da gyambo. A inda asibiti ke da nisan sa'o'i, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kayan ceto su ne almakashin ƙarfe da abin buɗe ƙofa masu aiki da matsin mai, da katakon tokare mota don kada ta motsa. A Sudan wannan aikin hukumar kare farar hula ne, tare da 'yan sa-kai na ƙungiyar agaji ta Jinjirin Wata.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya wargaza tsarin. Dakarun RSF sun riƙe Wad Madani daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025, an wawushe asibitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya, ma'aikata da dama sun yi hijira. Idan za a sake ɗaukar mutane, ɗan gari mai jin Hausa da Larabci ya fi amfani: shi zai iya tambayar tsohuwa inda take jin ciwo, ya kuma tsayar da 'yan uwanta kafin su ɗaga ta.