Tarihin Ƙera Sandunan Golf da Daidaita Su da Hannun Mai Bugu

Golf wasa ne da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda daga mafari har ta faɗa rami, kuma wanda ya kammala ramukan filin, waɗanda galibi 18 ne, da bugu mafi ƙaranci shi ke da nasara. Kowace sanda tana da sassa uku, wato kai, wanda shi ke haɗuwa da ƙwallo, da ƙota, da kuma mariƙi. Daidaita sanda shi ne a gyara tsawonta da nauyinta da lanƙwasar ƙotarta da kaurin mariƙinta yadda za su dace da jikin mutum guda da salon bugunsa, kamar dai yadda manomi a Yendi ko Bawku ba ya karɓar fartanya a hannun maƙeri sai ya ɗaga ta ya ji ƙotar ta zauna masa.

Wasan ya girma ne a Sikotilan, inda majalisar ƙasar ta hana shi a 1457 saboda yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbi da baka. Ba a daɗe ba sarakunan da kansu suka rungume shi, domin a 1502 Sarki James na Huɗu ya sayi sanduna a wajen wani mai ƙera baka a garin Perth, sannan a 1603 aka naɗa William Mayne ya zama mai yi wa James na Shida sanduna. Ba abin mamaki ba ne da masu baka suka fara riƙe sana'ar, tunda su ne suka san yadda itace ke lanƙwasa ya koma mazauninsa. A wancan zamani kowace sanda aikin hannu ce, don haka daidaitawa ba wani aiki ne na daban ba: masassaƙi irin Hugh Philp na St Andrews, wanda ya rasu a 1856, yakan kankare ƙota kaɗan-kaɗan, ya ɗura darma a bayan kai don ƙara nauyi, har mai sanda ya ce ta yi masa.

Abubuwa biyu suka sauya sana'ar a ƙarni na 19. Na farko shi ne ƙwallon da aka fara yi a 1848 da wani ƙaro mai tauri na itacen yankin Malaya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ƙwallon fata da ake cusa wa gashin tsuntsu. Saboda taurinta sai kawunan ƙarfe suka yawaita. Na biyu shi ne itacen hikori da ake kawowa daga Amurka don yin ƙota, daga baya kuma aka koma sassaƙa kawunan katako da wani itacen Amurka wanda ɗan uwan kanya ne, mai nauyi da ƙarko. Sai dai babu ƙotar hikori biyu da ke lanƙwasa iri ɗaya, shi ya sa ƙwararru kan ɗauki shekaru suna tsintar sanduna ɗaya bayan ɗaya, kuma idan wadda hannu ya saba da ita ta tsage sai a ɗaure ta da zare maimakon a yar. Sandar da ɗan wasa Bobby Jones ke tura ƙwallo zuwa rami da ita, wadda ake kira Calamity Jane, da irin wannan ɗauri aka san ta.

Ƙotar ƙarfe ce ta kawo ƙarshen wannan zamani. Hukumar golf ta Amurka ta halatta ta a 1924, ita kuma hukumar R&A ta St Andrews ta bi sahu a 1929, daga nan masana'antu suka iya fitar da jerin sanduna masu lamba waɗanda nauyinsu da tsawonsu ke tafiya bisa tsari ɗaya. An samu arha da daidaito, amma an yi asarar wani abu mai daraja, domin dogo da gajere, mai ƙarfi da marar ƙarfi, duk awo ɗaya ake sayar musu. Da 'yan wasa suka fara cika jaka da sanduna fiye da 20, sai aka kafa dokar da ta taƙaita su zuwa 14, a Amurka a 1938, a Birtaniya kuma a 1939, lamarin da ya sa zaɓen kowace sanda ya zama abin nazari.

Mutumin da ya fi kowa dawo da daidaitawa cikin masana'anta shi ne Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norway da ke aiki da kamfanin General Electric a Amurka. A 1959 ya ƙera sandar turi, wato sandar da ake gangara ƙwallo da ita zuwa rami a bugun ƙarshe, a garejin gidansa, ya sa mata suna Ping saboda ƙarar da take yi. Hikimarsa ita ce ya kwashe nauyi daga tsakiyar kai ya raba shi gefe biyu, ta yadda ko an bugi ƙwallo ba a tsakiyar fuska ba, kan ba zai juya sosai ba. Samfurinsa na Anser, na 1966, ya zama abin kwaikwayo har yau. A 1972 kamfaninsa ya fito da tsarin ɗigon launi, inda ake auna tsawon mutum da tazarar wuyan hannunsa zuwa ƙasa, sannan a lanƙwasa wuyan sanda ya dace da shi. Dalilin wannan a bayyane yake: idan bakin kai ya ɗaga sama lokacin bugu, ƙwallon mai bugu da dama takan karkata hagu, idan kuma ya nutse sai ta karkata dama, ko da mutum bai yi kuskure ba.

Daga nan sauye-sauye suka zo a jere, da ƙota mai sauƙi ta zaren kabon a ƙarshen shekarun 1960, da kan ƙarfe na kamfanin TaylorMade mai rami a ciki a 1979, da sandar Big Bertha ta kamfanin Callaway a 1991, har zuwa 2004 da aka fitar da kai mai kusoshin nauyi waɗanda mai sanda ke iya sauya musu wuri. Na'urar TrackMan, wadda aka ƙirƙira a Danmak a 2003, tana amfani da rada ta auna gudun ƙwallo da juyinta da tashinta, don haka abin da masassaƙi ke ganewa da ido yanzu lambobi ke nuna shi.

Sandar turi ce kaɗai awo bai gama mallaka ba, kuma a kanta aka fi jayayya. Bayan Walter Travis ya ci gasar masu sha'awa ta Birtaniya a 1904 da wata sanda mai ƙota a tsakiyar kai, R&A ta haramta irinta a 1910, ba ta janye ba sai farkon shekarun 1950. Haka kuma, bayan Keegan Bradley a 2011 da Adam Scott a 2013 sun ci manyan gasa da doguwar sanda da ake jingina wa ciki ko ƙirji, an hana jinginawa daga 1 ga Janairu, 2016, ko da yake doguwar sandar ba ta haramta ba. Hukuncin yana da hujja, domin rawar hannu a gaban rami wani ɓangare ne na jarrabawar wasan.

A Afirka ta Yamma wasan ya shigo ne tare da Turawan mulki da na haƙar ma'adinai, kamar filin Rayfield na Jos da aka kafa a 1913 da na Achimota a Akara a 1934. A yankunan da ruwa ke ƙaranci, ciki har da arewacin Nijeriya, an daɗe ana shimfiɗa yashi gauraye da mai a kewayen rami maimakon ciyawa, a share hanya kafin a tura ƙwallo, kuma a irin wannan shimfiɗa ƙwallo ba ta gudu kamar a kan lallausar ciyawa, shi ya sa kai mai nauyi ya fi amfani. Ƙasar da hunturu ya busar takan sa sanda mai faɗin gindi ta yi tsalle ta bugi ƙwallo a ciki, zafin bazara kuma yana busar da robar mariƙi har ta yi santsi. Saboda haka gyaran da ya fi yi wa ɗan wasa a savanar Gana ko ta Nijeriya amfani shi ne mafi sauƙi, wato sauya mariƙi, da rage ko ƙara tsawon ƙota, da manna ɗan faifan darma a bayan kai.