Sabon Badun Da Hukumar Gari: Daga Hannun Razdan Zuwa Hannun Kansila

Duk lokacin da damina ta sauka, kwata ta cika ta tumbatsa cikin lungu, maganar da ake ji a bakin masallaci ɗaya ce: a je a gaya wa Sarki. To, madalla, Sarki uba ne. Amma ya kamata mu tambayi kanmu, tun yaushe kwata da hanya da fuloti suka bar hannun Sarkin Hausawa, kuma a hannun wa suke yanzu? Amsar tana cikin tarihin unguwar nan tamu.

Kafin a yi Sabo, kakanninmu suna zaune ne a warwatse cikin garin Badun, a gidajen Yarabawa, musamman kusa da babbar kasuwar gari. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. Daga nan fa harka ta buɗe. Shanu suna gangarowa Kurmi, goro yana haurawa Arewa, baƙi suna ta ƙaruwa. Da yawan ya kai yawa sai ƙorafi ya tashi, wai ɓarayi suna fakewa cikin baƙi, ba a san wanda za a kama da alhakinsu ba. A 1916 Turawan mulki da sarakunan Badun suka yanke fili a gefen gari, wajen Mokola, aka ce Hausawa su koma can, aka ɗora musu shugaba daga cikinsu. Wannan shi ne asalin Sabo.

A lura da abu biyu a nan, domin su ne tushen duk abin da ya biyo baya. Na farko, filin aro ne. Ƙasa ta mutanen Badun ce, mu namu gini ne. Na biyu, an shata masa iyaka. Mutane sun yi ta haihuwa, baƙi sun yi ta sauka, amma iyakar tana nan inda aka ja ta.

A zamanin En'e, wato daga 1916 zuwa farkon shekarun 1950, tsarin mai sauƙi ne. Razdan yana bisa, sarakunan Badun suna ƙarƙashinsa, Sarkin Hausawa kuma shi ne ƙofar da ake bi a shiga Sabo ko a fita. Shi ke tara haraji, shi ke sanin baƙon da ya sauka, shi ke sasanta rikicin gida da na gado, kuma idan ya ce wane ba mutumin kirki ba ne, hukuma tana iya korarsa daga gari. Saboda haka maganarsa tana da nauyi, don bayanta akwai ƙarfin gwamnati. Wannan zamani ne ya bar mana al'adar "a gaya wa Sarki," kuma a lokacin daidai ne.

Gida a Sabon wancan zamani ba wurin kwana kaɗai ba ne, jari ne. Mai shanu ya taso daga Arewa, dole ya sayar da sauri, domin ƙudan tsando ba ya barin saniya ta daɗe a Kurmi. Mahauta kuwa ba su da tsabar kuɗi, sai bashi. Wa zai tsaya wa baƙo? Maigida. Shi zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya ba shi dillali, ya lamunce bashin, sannan ya karɓi la'ada. Haka nan a wajen goro: sai da ɗakin ajiya, da masu ɗaurin huhu, da wanda ya san lokacin tashin wagunu. Wanda ya fi yawan ɗakuna shi ya fi yawan baƙi, shi ya fi faɗa a ji. Shi ya sa aka yi ta datse tsakar gida ana fitar da ɗaki, aka cinye filin da ya kamata a bari don hanya da magudana. Masu gidan nan ba su yi don mugunta ba, ciniki ne ya ja, fili kuma babu. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a nan a 1962 da 1963, ya ƙidaya mutanen Sabo sama da 4,000, ya kuma rubuta littafi a kanmu wanda ya fito a 1969. Tun a lokacin cunkoso ya riga ya zama abin magana. To ina ga yau?

Babban juyi ya zo ne a 1952, lokacin da Jihar Yamma ta yi sabuwar dokar ƙananan hukumomi. Aka karɓe iko daga En'e aka miƙa wa majalisun da ake zaɓa. A 1954 majalisar Badun ta zauna a Mapo ƙarƙashin shugabancin Adegoke Adelabu. Daga ranar nan ƙarfin gwamnati ya janye daga bayan Sarkin Hausawa. Rawani yana nan, girma yana nan, amma lasin kasuwa da izinin gini da kuɗin hanya sun koma hannun masu ƙuri'a, mu kuwa tsiraru ne a cikin babban gari. Iyayenmu sun ga wannan, suka nemi wata hanyar haɗa kai. A daidai waɗannan shekaru ne yawancin mutanen unguwa suka shiga ɗarikar Tijjaniyya, kuma a 1952 Sabo ta fara tsai da Juma'arta a masallacinta maimakon zuwa babban masallacin gari. Wannan ya riƙe jama'a, ya tsare amanar ciniki. Sai dai bai gina kwalbati ko ɗaya ba, don ba aikinsa ba ne.

A 1976 gwamnatin soja ta yi gyaran ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya, a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Oyo. Cikin birnin Badun ya zama hukuma ɗaya. Bayan shekara biyu, a 1978, sai ga dokar mallakar ƙasa, wadda ta ɗora duk filin birni a hannun gwamna. Ga abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba har yanzu: ciyaman ba ya ba da takardar mallakar fili a cikin birni, gwamna ne ke sa mata hannu. Takardar cinikin da aka rubuta da ajami gaban shaidu tana da daraja a tsakaninmu, amma ranar da katafila ta tsaya a ƙofar gida saboda faɗaɗa titi, ba ita za a tambaya ba. Gidajen gado da ba a raba ba su ne suka fi shiga wannan haɗari, magada goma, takarda babu.

A 1991 aka raba birnin gida biyar: Badun ta Arewa, Arewa maso Gabas, Arewa maso Yamma, Kudu maso Gabas da Kudu maso Yamma. Sabo da Bodija suka faɗa cikin Badun ta Arewa. Akwai kuma wasu shida a kewaye, jimla goma sha ɗaya. A halin nan kuwa Sabo ta riga ta cika ta batse, jama'a sun bi kasuwa. Da aka buɗe kasuwar Bodija a 1987 wasu suka koma can. Wasu suka yi Sasa da Ojoo, daga baya kara ta koma Akinyele, sannan a 2021 aka buɗe sabuwar tashar jirgin ƙasa a Moniya. Waɗannan wurare na baya duk a ƙaramar hukumar Akinyele suke. Ka ga ke nan jama'a ɗaya ce, amma ciyamomi daban, kansiloli daban. Mutum yana kwana a Sabo, yana ciniki a Sasa, katin zaɓensa kuwa yana Katsina. Idan an zo rabon aiki, wane ɗan siyasa ne zai ƙidaya shi?

Ba za mu ce ba a yi kome ba. Bayan ambaliyar Ogunpa ta 31 ga Agusta 1980, da ta 26 ga Agusta 2011, an kashe kuɗi mai yawa wajen gyaran hanyar ruwa a birnin. Gadar sama ta Mokola da aka buɗe a 2013 ta rage cunkoson motoci a bakin unguwarmu. Amma waɗannan ayyukan gwamnatin jiha ne da na tarayya, manya ne, a bakin titi suke tsayawa. Abin da ya shafi lungu na ƙaramar hukuma ne, ita kuwa ta daɗe kuɗinta yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A 2019 ma an rushe zaɓaɓɓun ciyamomin Oyo, har Kotun Ƙoli ta ce a 2021 rushewar ta saɓa wa doka. Ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ta sake yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukunci daban, aiwatarwa daban, wannan mun sani.

Rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairu 2021 ya nuna mana wani abu mai ɗaci. An yi asarar rayuka, Hausawa da Yarabawa, shaguna da gidaje sun ƙone. Da aka zo lissafin asara, wanda yake da rasit na rumfa da takardar gida maganarsa ta fi saurin shiga. Wanda ya shekara talatin yana biyan kuɗin rumfa a hannu ba rasit, sai ya koma neman shaidu, shaidun kuwa wasu sun riga sun hau mota.

Tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da kwashe shara, da ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa da fitilun titi, da bayan gida na jama'a, da maƙabarta, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Babu inda aka ce waɗannan na ɗan asalin gari ne kaɗai. Kuɗin da ake karɓa a hannunmu a kara da kasuwa da tasha, na waɗannan ayyuka ne. Sarki zai iya jagorantar tawaga, kuma idan ya shiga ofis za a miƙe masa. Amma wanda zai sa kwatar lungunmu cikin kasafin shekara kansilan mazaɓa ne, shi kuma abin da yake dubawa kafin ya ɗaga alƙalami shi ne yawan sunayen da ke cikin rajistar rumfunan zaɓen Sabo.