Asalin Raba Ɗalibai Gida-Gida: Me Tarihi Ya Ce Mana?

Ga wata 'yar magana da muke so mu tattauna a wannan fitowa.

Kowace shekara idan hunturu ya kama, yaranmu da ke makarantun boko sukan dawo gida da takarda, wai a biya kuɗin rigar wasanni. Wannan tasa ja, wancan kore, wata shuɗiya, wata ruwan ɗorawa. Sai ka ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, suna musu a tsakar gida, kowa na cewa gidansu ne zai ɗauki kofi. Mu dai namu biya ne, ba mu taɓa tambayar inda abin ya samo asali ba. To yanzu maganar ta iso ƙofarmu, domin kwamitin makarantarmu ta Islamiyya ya kawo shawarar a raba ɗalibai gida huɗu, kuma duk wanda ya halarci taron ƙungiya ya ga yadda aka tashi baram-baram. Wasu sun ce a raba yara bisa garuruwan iyayensu, wato Kanawa, Katsinawa, Sakkwatawa da Zazzagawa. Wasu sun ce a sa wa gidajen sunayen attajiran da za su ɗauki nauyinsu. Wasu kuma suka ce abin Turawa ne, ina ruwanmu da shi. Shi ya sa muka ga ya kamata a waiwayi tarihi, don kowa ya san abin da yake karɓa ko yake ƙi.

Abin ya faro ne a ƙasar Ingila. A shekarar 1440 Sarki Henry na shida ya kafa makarantar Eton, aka tanadi gurbin yara 70 waɗanda za su ci su kwana a cikinta kyauta. Da makarantar ta yi suna, sai masu hali suka riƙa aiko da 'ya'yansu daga nesa, su kuwa babu wurin kwanansu a ciki. Saboda haka aka riƙa sauke su a gidajen mutanen gari, yawanci gidajen wasu mata dattijai. Matar gida ita ke dafa wa yaro abinci, ita ke jinyarsa in ya kwanta, kuma in ya yi laifi a gari ita za a tambaya. Daga baya malaman makarantar suka karɓi riƙon gidajen ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙarshe cikin matan nan, Jane Evans, ta rasu a 1906. Har yau Eton tana da gidaje 25, kowanne da yara wajen hamsin.

To jama'a, wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun da aka kafa Sabo a nan Badun a 1916, baƙon da ya zo da shanu daga Arewa, ko ya zo sarin goro, a wurin maigida yake sauka. Maigida ne zai ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayi kayansa bashi. In baƙo ya yi abin kunya, sunan maigida ne ya ɓaci. Ka ga ashe gidan ɗalibai masauki ne tun fil'azal, kuma ginshiƙinsa shi ne a sami mutum guda wanda amanar yaro ke wuyansa.

A ƙarni na 19 ne aka tsara abin sosai. Thomas Arnold, wanda ya shugabanci makarantar Rugby daga 1828 zuwa 1842, ya ƙarfafa bai wa manyan ɗalibai ikon kula da ƙanana. Shi kuma Edward Thring, wanda ya karɓi makarantar Uppingham a 1853, ya dage a kan kada gida ya wuce yara talatin ko kusa da haka, domin a ganinsa yaron da malami bai san shi ba ya ɓata ko da yana cikin aji. Gasar wasanni tsakanin gidaje, wadda ita kaɗai muka sani yau, daga baya ta bunƙasa. Amma fa kada mu ɓoye aibin abin. A makarantu da yawa manyan ɗalibai sun mai da ƙanana bayi, wanki da guga da aike da duka, kuma wannan mugun hali ya biyo tsarin har zuwa makarantun kwana na ƙasarmu. Duk wanda ɗansa ya yi makarantar kwana ya ji labarin siniya.

Da Turawa suka zo sai suka taho da kayansu. Sun buɗe King's College a Ikko a 1909, sa'an nan Kwalejin Gwamnati ta nan Badun a 1929, can wajen Apata, mai gidaje irin su Grier da Swanston da Carr. Shi wannan Carr ɗin ba Bature ba ne, Henry Carr ne, mutumin Ikko, wanda ya daɗe yana aikin duba makarantu.

A Arewa kuwa, Kwalejin Katsina ce uwa. An kafa ta a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, aka riƙa tattaro samari daga larduna daban-daban don a horar da su aikin malanta. Gidajen kwanansu su ne Arewa, Kudu, Gabas, Yamma, Hankaka da Illela. Nan Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Abubakar Imam. Hatta wasan fayif, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna ya shahara da so, daga Eton ɗin nan aka kawo shi. An mai da kwalejin Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, kuma tun 1971 ake kiranta Barewa. In ka duba sunayen gidajenta za ka karanta tarihin Arewa a taƙaice: akwai gidan Lugga da na Clifford, da na Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer da ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909. Akwai kuma na Malam Nagwamatse, da Malam Bello Kagara mawallafin Ganɗoki, da Sarkin Zazzau Ja'afaru, da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Cikin 'yan ƙasa da aka sa sunayensu babu wanda aka girmama don kuɗinsa. Malamai ne da sarakuna da aka san su da ilimi.

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin tarayya ta fara buɗe kwalejojin haɗin kai a 1966, a Sakkwato da Warri da Okposi. A irin waɗannan makarantu ba a raba gida bisa jiha ko yare. Bahaushe da Bayarabe da Ibo ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, kuma ran gasa gidansu suke wa ihu, ba garinsu ba.

To ina aka sami canji? Da aka shigo da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, sa'an nan jihohin Yamma suka buɗe ƙofar sakandare kyauta daga 1979, ɗalibai suka yi yawan da babu ɗakunan kwanan da za su ɗauke su, makarantun jeka-ka-dawo suka mamaye ko'ina. Gidan ya tafi, sunan ya tsaya. Abin da ya rage mana shi ne riga mai launi, da tsere, da maci, da kujerar babban baƙo wanda za a kira sunansa a lasifika ya ba da gudummawa. An yar da ƙwaya an riƙe ɓawo.

Ga masu cewa abin Turawa ne, muna tunatar da su cewa makarantar allo ma tana da nata rabon: ƙolo, da titibiri, da gardi, kuma gardi ke biya wa ƙolo karatu. Bambancin shi ne namu rabo ne na matakin karatu, shi kuwa gida yakan haɗa babba da ƙarami a inuwa ɗaya. Babu abin da ya saɓa wa addini a nan, in dai an tsare tarbiyya, an ware maza da mata.

Amma raba yara bisa garuruwan iyaye, wannan kam muna roƙon a bar shi. Yawancin yaran nan a Sabo aka yanke musu cibiya, wasu har kakanninsu, suna jin Yarbanci kamar Hausa, wani ma bai taɓa taka Kano ba. Mu da muke zaune a ƙasar wasu, ƙarfinmu shi ne a kira mu da suna ɗaya. In muka koya wa yaro ɗan shekara bakwai cewa shi Bakano ne, abokin karawarsa Basakkwace, to gobe in sun girma a kan shugabancin ƙungiya da rumfunan kasuwa za mu girbi abin da muka shuka. Haka nan sa sunan attajiri mai rai: yau yana da shi, gobe kasuwa ta juya, ko ya ɓata da kwamiti, sai a kankare allo?

Shawararmu ita ce a yi gidajen, amma a koma ga asali. A gauraya yara da ƙuri'a. A sa sunayen magabata da babu jayayya a kansu, irin su Shehu Usmanu, da Abdullahin Gwandu, da Muhammadu Bello, da Nana Asma'u. Kowane gida a ba shi malami ko malama guda, wanda zai san kowane yaro da gidan ubansa, in yaro ya yi kwana biyu bai zo ba ya taka ya je ya ji dalili. Manyan ɗalibai su biya wa ƙanana hadda, amma bulala ba tasu ba ce. Gasa kuma ta haɗa da musabaƙa da tsafta da zuwa a kan lokaci, ba gudu kaɗai ba. Kuɗin riga kuwa kada ya zama dalilin da maraya zai zauna a gida.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda muka yi kuskure a gafarce mu, a kuma gyara mana a taro mai zuwa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin. Wassalam.