Tiyatar babban hanji da mutum-mutumi

Tiyatar babban hanji da mutum-mutumi hanya ce ta yi wa babban hanji da dubura aiki, inda likita ke sarrafa hannayen wata na'ura maimakon ya riƙe kayan fiɗa da kansa. Na'urar ba ta motsi sai yadda likitan ya motsa ta. An fi amfani da ita wajen cire ciwon daji, kuma a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, na babban hanji shi ne na uku wajen yawa a duniya.

Tarihi

A shekarar 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar da Vinci, wadda kamfanin Intuitive Surgical ke ƙerawa. A 2002 aka fara wallafa rahoton yanke wani sashe na babban hanji da ita. Daga baya wasu na'urori sun shigo kasuwa, kamar Versius ta kamfanin CMR Surgical na Ingila da Hugo ta Medtronic.

Yadda ake aikin

Ana huda ƙananan ƙofofi a cikin majiyyaci, a hura masa iskar kabon domin a sami sarari, sannan a zura kyamara da kayan aiki. Likita yana zaune gefe yana kallon hoton da aka ƙara wa girma. Kayan aikin suna lanƙwasawa kamar wuyan hannu, na'urar kuma tana kawar da rawar hannu.

Amfanin hakan ya fi bayyana a aikin dubura, domin tana cikin ƙugu ne, wuri matsattse musamman ga maza da masu ƙiba. A nan jijiyoyin da ke kula da fitsari da saduwa suke, kuma lahanta su kan bar majiyyaci da matsala ta dindindin.

Bincike

Gwajin ROLARR, wanda aka wallafa a 2017, ya kwatanta wannan hanya da tiyatar ƙananan ƙofofi ta hannu a kan majiyyata 471. An koma buɗe ciki a kashi 8.1 cikin ɗari na ayyukan mutum-mutumi, da kashi 12.2 na ɗaya hanyar, amma masu binciken ba su ɗauki bambancin a matsayin tabbatacce ba. Gwajin REAL da aka yi a Sin, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa an fi cire ciwon ba tare da barin saura a gefe ba idan aka yi amfani da na'urar.

Ƙalubale

Kuɗin na'ura ɗaya ya haura dala miliyan guda, ban da na gyara da kayan da ake sauyawa. Aikin yakan fi ɗaukar lokaci, likitoci suna buƙatar horo na musamman, kuma a yawancin na'urorin likita ba ya jin taurin naman da yake taɓawa. Saboda tsadar, na'urorin sun fi yawa a asibitocin ƙasashe masu arziki.